Bindiga a Ƙarƙashin Matashin Kai: Wa Take Karewa?

A daren Asabar, 17 ga watan Oktoba 1992, wani ɗan makarantar sakandare daga birnin Nagoya na ƙasar Japan, mai suna Yoshihiro Hattori, ya fita tare da ɗan masu masaukinsa za su wata liyafa a garin Baton Ruj da ke jihar Luwiziyana ta Amurka. Shekararsa 16, kuma watansa biyu ke nan da zuwa ƙasar cikin shirin musayar ɗalibai. Yaran biyu suka rikita lambar gida, suka ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita suke nema ba. Matar gidan ta leƙo ta ga baƙin fuska, ta firgita, ta maida ƙofa da ƙarfi, ta ce wa mijinta ya ɗauko bindiga. Maigidan ya fito da ita a hannu, ya daka tsawa da wata kalma ta Turanci mai nufin a tsaya cak. Yaron ya ci gaba da matsowa yana cewa liyafa suka zo. Harsashi guda ya same shi a ƙirji, ya cika kafin a isa asibiti. A shekarar 1993 kotu ta wanke maigidan daga laifin kisa, ko da yake daga baya wata kotun ta ci shi diyya.

Abin lura a wannan labari shi ne, maigidan nan ba ɗan fashi ba ne. Mahauci ne a wani kanti, bindigarsa halal ce a dokar ƙasarsu, kuma ya ajiye ta ne domin ranar da ɓarawo zai shigo. Ɓarawon bai zo ba, ɗan makaranta ne ya zo.

Na san za a ce labari guda ba ya zama hujja, kuma na yarda. Mai son bindiga ma yana da nasa labaran, na tsohuwar da ta kori 'yan fashi da harbi ɗaya, da na mai kantin da ya tsira da ransa, kuma da yawansu gaskiya ne. In dai da labari za a yi gardamar nan, to sai a kwana a hantse ba a gama ba. Hanyar kimiyya ita ce a ƙirga. Amurka kuwa ita ce ƙasar da aka fi yin wannan ƙidaya, domin ita ce ta fi kowace ƙasa bindiga a hannun farar hula. Ra'ayina, bayan duba abin da aka ƙirga, shi ne: riƙe bindiga don sha'awa ko farauta al'amari ne da ake iya yi cikin tsari da aminci, amma bindigar da aka ɗura aka ajiye kusa da gado da sunan kare iyali ta fi zama barazana ga iyalin da kansu fiye da ɓarawon da ake jira.

Abin da ke fita daga bakin bindiga

Bari mu fara da lissafin da duk ɗan aji huɗu na sakandare zai iya yi a bayan littafinsa. Ƙarfin motsin kowane abu shi ne rabin nauyinsa, sau gudunsa, sau gudunsa kuma. Harsashin ƙaramar bindigar hannu mai faɗin milimita 9 nauyinsa kimanin giram 8 ne, yana kuma barin bakin bindiga da gudun kusan mita 360 cikin sakan guda, wato ya ɗan fi sauti gudu. In aka buga lissafi za a sami jul 500 da 'yan kai. Domin a gane girman wannan, buhun siminti mai kilo 50 da ya faɗo daga tsayin mita ɗaya yana isa ƙasa da jul 490. To, a tattara wannan ƙarfi duka a wurin da bai kai kan ɗan yatsa faɗi ba.

Harsashin AK-47 shi ma kusan giram 8 ne, sai dai gudunsa ya haura mita 700 a sakan. Gudu ya ninka sau biyu, ƙarfi kuwa ya ninka sau huɗu, ya kai jul 2,000, tamkar buhun nan ya faɗo daga mita huɗu. Malaman Fiziks da ke neman misalin da zai sa ɗalibai su daina mance dalilin da ya sa ake ninka gudu da kansa, ga shi nan.

Abubuwa biyu ne ke biyo bayan wannan lissafi. Na farko, harsashi ba ya tsayawa don ya kuskure wanda aka auna. Yana huda ƙofar katako da kwanon rufi da siririn bango, ya isa ga wanda ke barci a ɗaki na gaba. Ko wanda aka harba sama wajen biki yana dawowa: gwaje-gwajen da sojojin Amurka suka yi a farkon ƙarni na 20 sun nuna harsashin bindigar yaƙi yana faɗowa da gudun kimanin mita 90 a sakan, wanda ya isa ya huda fata. Na biyu, babu janyewa. Mutum yana bukatar wajen rubu'in sakan kafin jikinsa ya amsa abin da idonsa ya gani, cikin wannan ɗan lokaci kuwa harsashi ya riga ya ci mita 90. Mai sanda yana iya sassauta dukansa in ya gane ƙanensa ne ya dawo da dare, mai bindiga kuwa da zarar ya ja kunama magana ta ƙare.

Sai kuma jikin mai harbin. Idan tsoro ya kama mutum, sinadarin adirenalin yana malala cikin jini, zuciya ta yi ta dukan uku-uku, hannu ya ɗauki rawa, ido ya ƙanƙance a kan abu guda ya daina ganin gefe. Wannan shiri ne da ya dace da gudu ko kokawa, bai dace da auna saiti ba. Cibiyar bincike ta RAND ta duba bayanan 'yan sandan birnin Niyok daga 1998 zuwa 2006, ta gano cewa a lokacin musayar wuta, kashi 18 cikin ɗari kawai na harsasan da suka harba ne ke samun wanda aka nufa. Waɗannan mutane ne da aka horar, ake kuma sake gwada su a kai a kai. Ina ga wanda aka tasa daga barci ƙarfe biyun dare?

Ƙidaya ta fi labari

Cibiyar ƙididdigar ƙananan makamai da ke Janeba ta ƙiyasta cewa a ƙarshen 2017 akwai bindigogi miliyan 393 a hannun farar hula a Amurka, wato 120 ga kowane mutum 100. Ƙasar da ke biye, Yaman, ba ta kai rabin haka ba. Gyara na biyu na tsarin mulkin Amurka, wanda aka amince da shi a 1791, ya ba jama'a 'yancin riƙe makami, kuma a 2008 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wannan 'yanci ne na kowane mutum a gidansa, a 2022 ta faɗaɗa shi zuwa yawo da bindiga a waje. Da cibiyar Pew ta tambayi masu bindiga a 2023 dalilinsu, kashi 72 cikin ɗari suka ce kare kai yana cikin manyan dalilansu. Ya zarce farauta, ya zarce wasan harbi.

Yanzu a dubi waɗanda suke mutuwa. A shekarar 2021 mutum 48,830 harsashi ya kashe a Amurka. Mai karatu zai zaci akasarinsu 'yan fashi ne suka hallaka su. Ba haka ba ne. Mutum 26,328, wato fiye da rabi, su ne suka kashe kansu. Wajen 21,000 kisan kai ne, saura kuma haɗari da harbin jami'an tsaro. Tun daga 2020 ma aka ga bindiga ta zarce haɗarin mota wajen kashe 'yan shekara 1 zuwa 19 a ƙasar.

Wani likita mai suna Arthur Kellermann ya yi tambayar da ta dace: gidan da ke da bindiga da wanda ba shi da ita, wanne ya fi aminci? Shi da abokan aikinsa suka bi gidajen da aka yi kisa a cikinsu a yankunan biranen Memfis da Siyatil da Kilibilan, kowane gida suka nemo masa makwabcin da ya yi kama da shi, suka gwama. Sakamakon da suka fitar a 1993 ya nuna cewa haɗarin a kashe mutum a gidansa ya ninka sau 2.7 in akwai bindiga a gidan, kuma kusan duk wannan ƙari daga hannun ɗan gida ne ko masoyi, ba baƙo ba.

An soki binciken, kuma sukar tana da ma'ana. Aka ce watakila waɗanda suke cikin haɗari tun farko su ne ke sayen bindiga, ke nan haɗarin ne ya kawo bindigar, ba ita ta kawo shi ba. Wannan tambaya ce ta kimiyya, maganinta ƙarin bincike. Amma abin da majalisar dokokin Amurka ta yi a 1996 shi ne ta zabge dala miliyan 2.6 daga kasafin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, daidai adadin da hukumar ta kashe a kan binciken bindiga, ta kuma hana amfani da kuɗinta wajen abin da zai goyi bayan taƙaita makamai. Bincike ya yi sanyi fiye da shekara ashirin. Ɗan majalisar da ya kawo wannan gyara, Jay Dickey, ya fito a 2012 ya nemi a dawo da binciken, amma sai a ƙarshen 2019 aka sake ware kuɗi. Ni a ganina wannan ya fi kowane adadi ban tsoro, a ce al'umma ta rufe ido da gangan don kada ta ga sakamakon ƙidaya.

Amsar sukar ta zo daga Kalifoniya, jihar da ke rubuta duk cinikin bindigar hannu. David Studdert na Jami'ar Istanfod da tawagarsa suka bi mutum miliyan 26 har kimanin shekara 12. A 2020 suka bayyana cewa mazan da suka mallaki bindigar hannu sun ninka waɗanda ba su da ita kusan sau 8 wajen kashe kansu da bindiga, mata kuwa sau 35, kuma haɗarin bai gushe ba ko bayan shekaru da saye. A 2022 suka juya ga waɗanda ba su da bindiga amma suna zaune da mai ita. Haɗarin a kashe su ya fi ninki biyu, kuma cikin waɗanda miji ko mata ko abokin zama ya harbe, mafi yawa mata ne. Babu alamar cewa bindigar ta rage haɗarin kisa daga hannun baƙo.

Me ya sa haka? Domin ɓarawo yana iya shekara ashirin bai zo ba, amma fushi da kishi da baƙin ciki da wasan yara kullum suna cikin gida. Maganar baƙin ciki tana bukatar a tsaya a kanta, domin mutane da yawa suna zaton wanda ya yi niyyar hallaka kansa ba abin da zai hana shi. Likitocin ƙwaƙwalwa sun nuna akasin haka. Sau da yawa wannan hali guguwa ce mai wucewa cikin mintoci ko sa'o'i, kuma kimanin tara cikin goma na waɗanda suka tsira daga yunƙurin farko ba sa mutuwa ta wannan hanya daga baya. Matsalar bindiga ita ce ba ta barin a tsira, kusan tara cikin goma na waɗanda suka yi yunƙuri da ita suna mutuwa. Rundunar sojan Isra'ila ta gwada wannan a aikace. A 2006 ta hana ƙananan sojoji tafiya gida da bindigoginsu a hutun ƙarshen mako, sai yawan masu kashe kansu a rundunar ya ragu da kashi 40 cikin ɗari, kuma kusan duk raguwar a ranakun hutun ta auku. Nisan da ke tsakanin mutum da makami a sa'ar da zuciyarsa ta ɓaci shi ne ya ceci rayukan.

Su kuma yara, kowane uba yana cewa nasa sun san ba a taɓawa. A wani gwaji da aka yi a Atlanta, aka buga a 2001, an bar yara maza 'yan shekara 8 zuwa 12 a ɗaki, an ɓoye bindigar gaske wadda aka kashe wa aiki cikin aljihun tebur, ana kallonsu ta madubin da ba sa ganin mai kallo. Cikin rukunan da suka gano ta, kashi uku cikin huɗu suka ɗauka suna jujjuyawa, kusan rabi suka ja kunama. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda suka taɓa ta sun ce an taɓa yi musu gargaɗi a kan bindiga. Malamai ba za su yi mamakin wannan ba.

Adalci ya wajabta a ji ɗaya ɓangaren. A wani bincike da aka buga a 1995, masu binciken laifuka biyu, Gary Kleck da Marc Gertz, suka tambayi mutum wajen 5,000 ta wayar tarho, suka ƙiyasta cewa Amurkawa suna kare kansu da bindiga sau miliyan 2.5 a shekara, galibi ba tare da harbi ba. Ƙididdigar gwamnati ta waɗanda aka yi wa laifi kuwa tana ba da kimanin dubu ɗari ko ƙasa da haka. Ta yaya ƙiyasi biyu za su yi nisa haka? Ga darasi ga ɗalibin lissafi. Waɗanda suka ce sun kare kansu a cikin shekarar ba su fi kimanin mutum ɗaya cikin ɗari na waɗanda aka tambaya ba. In abu ba kasafai yake faruwa ba, kuskure kaɗan yana kumbura. A ce mutum ɗaya cikin ɗari ya ƙara gishiri, ko ya jawo abin da ya faru shekara uku baya ya sa shi cikin bana, in aka ninka da manya kusan miliyan 200 sai a sami miliyan biyu na abin da bai auku ba. Ban ce babu masu kare kansu ba, akwai su da yawa. Sai dai da aka duba ƙididdigar gwamnati ta 2007 zuwa 2011, cikin laifuka fiye da 14,000 da aka yi gaba da gaba, a 127 ne kawai aka kare kai da bindiga, kuma waɗanda suka ji rauni bayan haka kashi 4 ne cikin ɗari, daidai da waɗanda suka kare kansu ta wasu hanyoyi kamar gudu da ihu da kiran 'yan sanda.

Batun yawo da bindiga a ƙugu shi ma haka. John Lott ya yi suna a 1998 da da'awar cewa jihohin da suka sassauta dokar yawo da makami sun sami raguwar laifi. Majalisar bincike ta ƙasar ta duba a 2004 ta ce bayanan ba su tabbatar da haka ba. A 2019 John Donohue, da ƙarin bayanai na shekaru masu yawa, ya sami cewa laifukan zub da jini sun fi yawa da kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari bayan shekara goma da sassautawar. Gardamar ba ta mutu ba, amma nauyin hujja ya karkata. Ɗaya daga cikin dalilan kuwa ba ya bukatar digiri: bindigar da ake yawo da ita ana barinta a mota, ana sace ta, ta koma hannun wanda aka saye ta dominsa.

Masu sha'awa

Duk da abin da na faɗa, ba na cikin masu ganin kowane mai bindiga a matsayin mugu. Harbin saiti wasa ne da ke cikin gasar Olamfik tun ta farko a 1896, yana koyar da natsuwa da sarrafa numfashi. Wanda ya taɓa ganin maharbi na gaske yana kwance bindigarsa yana gogewa ya san akwai ladabi a cikin abin. Yana share ƙurar albarushi daga bututu domin tana jawo danshi, danshi ya jawo tsatsa, tsatsa ta ci ƙarfe har wata rana bututun ya fashe a hannu. Yana shafa mai kaɗan, ba ya cikawa. Kafin komai yana buɗe ta ya duba da idonsa, domin ya san cire gidan harsashi ba ya nufin babu guda da ya rage a ciki, kuma wannan gudan shi ne ke kashe mutane da yawa da ake cewa suna goge bindiga ta tashi. Ba ya nuna bakinta ga abin da ba ya nufin harbi, ko da ya rantse babu komai a ciki. Mai ilimi a cikinsu yana kuma wanke hannu ya sauya tufafi bayan harbi, saboda ƙurar dalma da ke tashi daga harsashi tana shiga jini, tana bin riga har gida. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010 ba ma bukatar dogon bayani a kan wannan guba.

Ƙasar Suwizalan ita ce misalin da masu son bindiga suka fi kawowa, kuma ya kamata a dube ta da kyau. Tana da bindiga wajen 28 ga kowane mutum 100, tana da ƙungiyoyin harbi a kusan kowane gari, a birnin Zurik ma ana gasar harbi ta shekara-shekara ta 'yan shekara 13 zuwa 17. Kisan kai kuwa kaɗan ne ƙwarai. Amma a can bindiga abar filin harbi ce da aikin soja. Izinin yawo da ita a ɗure wuya gare shi, sai mai aikin tsaro da makamancinsa. Mai zuwa filin harbi yana ɗaukarta ba harsashi a ciki. Tun 2007 aka daina ba sojojin sa-kai harsashi su ajiye a gida. Duk da haka ƙasar ba ta tsira daga matsalar kashe kai da bindiga ba, kuma da aka rage yawan sojoji da kusan rabi a gyaran 2003, bindigogin soja suka ragu a gidaje, sai aka ga mutuwar samari ta wannan hanya ta ragu.

A nan ne matsalar take. Abin da ke sa bindiga ta zama lafiya a gida sananne ne: a cire harsashi, a kulle ta, a kulle harsashi a wani wuri dabam. Wani bincike na 2005 ya nuna kullewa, haka ma cire harsashi, kowanne yana tafiya da raguwar kimanin kashi 70 cikin ɗari na haɗarin yaro ya harbi kansa ko wani. Mai sha'awa ba ya asarar komai in ya yi haka, ranar wasa ya buɗe akwati ya tafi. Amma mai jiran ɓarawo yana son ta a ɗure, a kusa, a inda hannu zai kai cikin duhu. Duk abin da ya sa ta yi saurin isa hannunsa, ya sa ta yi saurin isa hannun ɗansa mai shekara tara, da hannunsa shi kansa a daren da ya yi faɗa da matarsa. An ƙera akwatunan da ke buɗewa da zanen yatsa don a rage wannan tazara, sun kuma taimaka ta fuskar yara, sai dai akwati ba ya hana mai makulli. An ƙiyasta a 2015 cewa yara miliyan 4.6 a Amurka suna zaune a gidan da ke da bindiga a ɗure ba a kulle ba.

Mu kuma fa?

Mai karatu a Tsafe ko Batsari yana da damar ya ce da ni: malam, kana maganar ƙasar da 'yan sanda ke zuwa cikin mintoci. Mu mahara ne ke zuwa bisa babura da yawa, wanda za a kira kuma yana nesa. Wannan magana ce mai nauyi, kuma ba daga talakawa kaɗai ta fito ba. A 2021 gwamnan Katsina na lokacin ya yi kira ga jama'a su kare kansu, a watan Yunin 2022 kuma gwamnatin Zamfara ta nemi mutane su nemi lasisin mallakar bindiga. Dokar makamai ta Nijeriya, wadda asalinta na 1959 ne, ba ta ba gwamna ikon bayar da lasisi ba, ta bar shi ga shugaban ƙasa da hukumar 'yan sanda gwargwadon nau'in bindigar. Amma kiran ya nuna inda tura ta kai.

Ba zan ɗauko adadin Kalifoniya in ɗora wa ƙauyen da ake kai wa hari ba, yin haka cin amanar kimiyya ne, domin haɗarin da ke zuwa daga waje a can da nan ba ɗaya ba ne. Kuma ba ni da bakin da zan ce wa wanda aka sace wa 'ya ya naɗe hannu. Amma akwai abubuwan da ba sa sauyawa da ƙasa. Jul 500 jul 500 ne a ko'ina. Yaro ɗan shekara goma a Gusau bai fi na Atlanta haƙuri ba. Rikicin gado da na iyakar gona da na kishi muna da su, kuma wanda a da ake rabawa da sanda a kai shi asibiti a ɗinke, in bindiga ta shigo sai a kai shi maƙabarta. Sa'annan adaka ɗaya a ɗaki, wadda sai an sake ɗura ta bayan kowane harbi, ba ta tare mutum talatin masu AK-47, sau da yawa ma ita ce abin da za su ɗauka su ƙara da nasu. Masu nazarin rikicin arewa maso yamma sun kuma nuna yadda ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da 'yan bindiga ta hura wutar da aka ɗauki makami don kashewa.

Saboda haka in har tilas ta sa al'umma ta riƙe makami, to darasin Suwizalan ya fi na Amurka amfani gare mu. Ya zama aikin jama'a ne mai rajista da horo da ma'ajiya mai makulli da shugaban da za a tuhuma in an yi ɓarna, kowane harsashi a san wanda aka ba da inda ya tafi. Tsofaffin maharbanmu ma ba su bar abin sakaka ba, suna da sarkin baka, suna da ƙa'idar wanda ya isa ya riƙe da wanda bai isa ba. Katsina a 2023 da Zamfara a 2024 sun kafa rundunonin tsaron al'umma, kuma ma'aunin da ya kamata a auna su da shi shi ne wanda muka bi a wannan maƙala: mutum nawa suka tsira, mutum nawa kuma aka harba bisa kuskure ko zalunci.

Wannan ƙidaya aikin jami'o'inmu ne da asibitocin koyarwa. Duk wanda aka kawo da raunin harsashi a rubuta shekarunsa, da irin bindigar, da inda abin ya faru, da dangantakarsa da wanda ya harbe shi. Takarda ce mai layi biyar, ba ta bukatar na'ura mai tsada. Kafin a tara wannan, uban da ke da bindigar farauta a gida yana iya yin nasa tun yau: ya sauke ta daga bayan ƙofa, ya tabbatar babu komai a cikinta, ya kulle ta, ya kai albarushi da harsashi wani ɗakin. In kuwa akwai wanda baƙin ciki ya yi wa nauyi a gidan, ko da shi maigidan ne, a ba wani amintacce makullin ya riƙe har a ga sauƙi.